Bangon da Inna Take Jingina

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Gaisuwa mai yawa daga yayarka, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da amaryarmu da yara. Allah Ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali, Ya buɗa maka a wurin aikinka, Ya tsare ku a inda kuke. Mu ma a nan alhamdulillahi. Maigidana ƙafarsa ta warke har ya koma bakin aiki. Babbar 'yata ta gama jarrabawa, yanzu ba ta da aiki sai cika mana gida da surutu. Goggo tana nan yadda ka san ta, ciwon gwiwa ya hana ta yawo amma bai taɓa mata baki ba. Baba ma da sauƙi, hannun yana rawa har yanzu, amma likita ya ce jinin ya sauka. A kansa ne ma na zauna rubuta maka wannan takarda.

Na san za ka ce me ya kai Yaya ga takarda alhali ga waya. To kai ka jawo. Sau biyu ina kiranka a kan maganar nan, sau biyun ba ka bar ni na kai aya ba, sai ka ce in bari kawai, ka riga ka gama magana da mai fenti. Takarda dai ba ka da yadda za ka katse ta. Akwai ƙunshi da na haɗo da ita, na so in ce kada ka buɗe sai ka gama karantawa, amma na san halinka, ka riga ka buɗe, ka ga rigar matashi ce, har ka taɓe baki ka miƙa wa matarka. To karɓo ta ka ajiye a kan cinyarka, za mu zo kanta.

Ga abin da nake so, tun kafin ka gaji da ni. Mai fentin da ka turo ya zo ranar Talata da bokitansa, na sallame shi. Mutumin kirki ne, bai yi musu ba, amma ya ce kai ka ba shi aikin, kuma ka ja masa kunne cewa ko Yaya ta yi faɗa kada ya saurare ta. Sannu, Auta, na gode. Ya ce zai dawo Asabar ɗin ƙarshen wata, kuma ba abin da zai tsayar da shi sai muryarka. Ina so ka kira shi ka ce ya yi wa gidan fenti ciki da waje yadda ka ga dama, amma bangon baranda na kusa da ƙofar kicin, kada burushinsa ya taɓa shi. Idan aka shafe bangon nan, wallahi ina tsoron Baba zai koma ɗaki ya kwanta, kuma ban san ko zai ƙara tashi ba.

Ban ga laifinka ba. Ni ce na aika maka da hoton nan, Baba a kan kujerarsa, bangon yana gefe duk ya yi baƙi-baƙi, ka kira ni ranka a ɓace kana cewa duk wanda ya gani zai ce 'ya'yansa sun yar da shi. Ni ma a lokacin haka na gani. Kuma ni ce na gaya maka cewa tun rasuwar Inna, wata takwas ke nan, Baba ya ajiye fensirin zanensa, bai ƙara leƙa shagonmu na ɗinki ba, kullum bayan azahar sai ya jawo kujera ya zauna ya ƙura wa bangon ido har rana ta faɗi. A yi masa magana, sai an maimaita. Har likita na gaya wa, ya ce mu sa ido, wani lokaci haka ruɗewar tsufa take farawa. Muka haɗu ni da kai muka yanke cewa idan wurin ya yi fari tas, wataƙila zuciyarsa za ta yi haske. Ka ga mu duka biyun da kyakkyawar niyya muka tashi.

Amma Auta, ka tuna kwalin Baba? Ɗan kwalin nan da bai wuce tafin hannu ba, wanda ya yanke wa taga a tsakiya, kullum yana aljihun gaban rigarsa. Idan muna tafiya da shi zuwa shago sai ya tsaya cak a tsakiyar hanya, ya ɗaga shi a ido, mutane suna ratse mu suna kallonmu, ni kunya kamar in nutse. Sai ya miƙo mana ya ce mu leƙa mu faɗi abin da muka gani. Idan ka ce tsatsa ce a jikin ƙofa, sai ya ce ai ba ka duba ba tukuna, sunan abin kawai ka faɗa, kuma suna kowa ya san shi. Ya ce ka ƙanƙance ido, ka yi ta kallo har sai sunan ya faɗi, abin da ya rage shi ne naka. Ni na kan yi ta zare ido ban ga komai ba. Kai ne wata rana, kana ɗan shekara shida, ka leƙa ka ce layi uku ne suna tsere, na tsakiya ya gaji. Baba ya ɗaga ka sama a gaban masu shaguna yana dariya. Na yi kishi ranar, yau na faɗa maka.

Duk zanen da ya ciyar da mu daga nan ya fito. Wanda muke ɗinkawa a labule, da mata suka yi ta rububinsa shekara da shekaru, lakar bayan famfo ce da ta bushe ta tsattsage. Na shimfiɗar gado mai zobe cikin zobe, albasa ce Inna ta raba biyu ya ƙwace daga hannunta. Akwai na inuwar igiyar shanya, akwai na baƙin mai da ya zuba a ruwan kwata gaban garejin makanike. Ba wanda ya taɓa sayen labule ya ce ya ga laka. Inna takan ce ita dai Allah Ya haɗa ta da mijin da yake gaisawa da tsatsa. Ka tuna ranar da abinci ya kama a tukunya, ya hana ta wankewa sai da ya zana ƙanzon gindin, tana tsaye a kansa da soso a hannu, kumfa tana ɗiga, tana ce masa idan ya gama sai ya zana yunwar da za mu kwana da ita? Tun daga ranar ta zama doka a gidanmu, ba a wanke tabo sai an tambayi Baba. Da wasa muke faɗa, amma muna bi. A gidan nan na girma, shekara ashirin ina ɗinka zanensa, ni ce kuma na manta.

Ranar Litinin, kwana ɗaya kafin zuwan mai fenti, maigidana ya kai Baba asibiti a duba hannunsa. Na ce bari in rage wa mai fenti aiki, kada baƙo ya zo ya ga ƙazantarmu. Na ɗebo ruwa da sabulu da burushi, na fara daga inda ya fi baƙi, wani tabo zagayayye mai maiƙo, daidai ƙuguna idan ina tsaye. Ya yi taurin kai, na zage na dirje shi har sai da farin da ke ƙarƙashi ya fito. Ina cikin murna ina shirin gangarawa ƙasa sai na ji tsayuwar mota. Baba ya shigo yana dogara sanda, ya tsaya a bakin baranda. Ya dubi bangon, ya dubi burushin da ke hannuna. Bai yi faɗa ba, Auta, da ma faɗan ya yi. Sannu da aiki kawai ya ce, Allah Ya yi albarka, ya wuce ɗaki ya tura ƙofa.

Kwana uku bai fito baranda ba. Abinci yadda na kai haka nake ɗaukowa, shayi ma sai na tsaya a kansa yake kurɓa biyu. Da ya kwanta sai ya juya fuska. Shi ya sa da mai fenti ya zo na ce ya tafi, ba don na gane komai ba, don dai ba a yi wa gida kwalliya mai gidan yana kwance. Ina ta zargin sabon maganin da aka ba shi. A rana ta uku, yana banɗaki, na shiga canza masa shimfiɗa, ina ɗaga matashi sai ga kwalin nan, ya tsufa ya yi laushi, an ɗaure shi da guntun fensir da zare. Na ɗauka na fita baranda, lokacin la'asar ce, rana ta karkato tana shafar bangon daga gefe. Na jawo kujerarsa daidai inda ƙafafunta suka yi gurbi a siminti, na zauna, na ɗaga kwalin, na ƙanƙance ido.

Da farko datti na gani, kamar kullum. Na daure na ci gaba da kallo, idona har yana ruwa. Can sai abin ya sake. Na ga wani fili mai faɗi a ƙasa, inda fenti ya goge ya yi santsi yana ɗaukar haske. Daga damansa gajerun layuka huɗu suna hawa sama, kowanne ya fi na ƙasansa nauyi. Daga hagu can ƙasa ɗan ƙaramin zagaye. A saman filin kuma wani farin rami, inda ido yake neman abu mai nauyi ya rasa, wato inda na dirje. A karo na farko a rayuwata sunan abu ya faɗi mini, har na ji daɗi, na ce ashe haka Baba yake gani. Daɗin bai yi minti ɗaya ba sai wani sunan ya taso ya maye gurbinsa. Auta, nan ne wurin zaman Inna. Filin nan bayanta ne, shekara arba'in tana jingina tana tsince hatsi, tana warware mana zare. Layukan nan huɗu tafin hannunta ne. Da tana da ƙarfi ba ta dafa bango idan za ta tashi, daga baya ta fara dafawa sau ɗaya, sannan sau biyu, a shekararta ta ƙarshe sai ta hau shi hawa huɗu kafin ta miƙe. Abin da na dirje da sabulu kuwa, inda take jingina kanta ne, man gashinta ne da ya riƙa ratsa ɗankwali.

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, irin kukan da ban yi ba ko ranar rasuwar, don ranar ina ta hidimar mutane. Goggo ta jiyo ni ta fito tana jan ƙafa. Da na gaya mata sai ta riƙe haɓa, ta ce oh ita, ashe ban sani ba? Ta ce ita tun makon farko ta gane abin da ƙanenta yake kallo, ta ɗauka kowa ya sani, shi ya sa ba ta ce komai ba. Ta ce mu 'yan boko sai mu kai mutum asibiti a kan kewar matarsa. Ta yi mini tatas, sannan ta zauna a gefena ita ma ta fashe da kuka, muka rasa mai rarrashin wani.

Na shiga wurin Baba na durƙusa, na ajiye kwalin a gabansa, na ce ya yafe mini. Ya ɗauki kwalin ya jujjuya shi a hannu. Sannan ya ce ba haukacewa ya yi ba, aiki yake yi, aikin ne ya ƙi. Ya ce wata takwas yana ƙanƙance ido a gaban bangon nan yana jiran sunan ya faɗi don ya zana, amma ya ƙi faɗuwa, duk yadda ya duba ita ce dai zaune. Shi kuwa bai taɓa iya zana abu da sunansa a jiki ba. Ya ce kwana ukun nan da yake kwance, zagayen da na wanke yake ta juyawa a ransa, yana tsoron kada ya manta ta wane gefe ya fi nauyi, don Inna ba ta jingina kai a miƙe, takan ɗan karkata shi hagu. Ya ce yau da safe ya nemi gefen ya ji ya fara shakka. Sai ya ce in tashi in kawo takarda tun bai rasa shi duka ba.

La'asar biyar ya yi yana zanen. Hannun yana rawa, fensir yana faɗuwa, ina ɗauko masa. Da ya gama na kai shago don in huda, ka san yadda muke yi, a bi layin da allura, a ɗora takardar a kan yadi, a shafa garin bula, zanen ya sauka ɗigo-ɗigo. Ya ce sai ya bi ni. Ranar ce ya fara taka shagon tun rasuwar, masu shagunan layinmu suka yi ta fitowa suna gaishe shi. Na zauna da allura, na ga layukan duk sun yi karkarwa, na ce bari in taimaka masa in miƙar da su. Ban huda biyar ba sai na ji fensir a bayan hannuna, ƙwas! Ya ce wa ya aike ni? Ya ce hannun da ya dafa bangon rawa yake yi, hannun da ya zana ma rawa yake yi, ni wace ce da zan miƙar? Wallahi Auta ban taɓa jin daɗin duka irin na ranar ba. Muna komawa gida ya ce yunwa yake ji, ya cinye kwano guda har ya nemi ƙari.

Na ɗinka shi a labule ɗaya na rataya a shago, zare ruwan ƙasa a kan yadi mai ruwan madara. Wata malamar makaranta ta tsaya ta daɗe tana kallo, ta ce hadari ne ya taso a kan tudu, ga ruwa ya fara sauka. Wata ma'aikaciyar asibiti ta ce a'a, matakala ce da farin wata a samanta. Suka yi ta gardama a gaban Baba, shi yana gefe yana murmushi. Da suka fita ya ce mini to, yanzu sunan ya faɗi, ya bar wa mutane nasu, namu kuma yana gida. Malamar ta so ta saya, na ce wannan ba na sayarwa ba ne.

Yanzu kullum bayan azahar yana baranda da allo a cinya. Ya gama zane na biyu, daga layukan hannun kaɗai ya ciro shi, ya fara na uku. Ya ce bangon nan bai ƙare ba, kowace la'asar rana tana nuna masa wani abin da bai gani ba jiya. Yana ci, yana faɗa, jiya har ya kori Goggo wai inuwarta tana ɓata masa aiki. Wannan shi ne mutumin da mai fentinka zai zo ya tarar ranar Asabar. Bai san maganar fentin tana nan ba, ban gaya masa ba, ba ni da bakin faɗa.

Na san abin da ya sa ka matsa a kan gyaran gidan nan, ko ba ka faɗa ba. Ba ka samu isowa ba sai da aka riga aka kai Inna makwancinta, kuma tun ranar kake neman abin da za ka yi da hannunka. Haba Autan Inna, ba wanda ya riƙe ka a zuciya. Ita da bakinta ta hana mu gaya maka jikin ya yi tsanani, ta ce kada a tayar maka da hankali a bakin aikinka, kuma mu ne muka biye mata. Idan akwai laifi namu ne. Ka gyara rufin kicin da yake yoyo, ka canza ƙofar banɗaki, ka yi wa ɗakin Baba kowane launi kake so, za mu yi ta sa maka albarka. Bango ɗaya kawai nake roƙo.

To yanzu ɗaga rigar matashin nan ka shimfiɗa ta. Zanen farko ne, ni na ɗinka da hannuna, ban miƙar da layi ko ɗaya ba. Babban zagayen na sama, wanda ya ɗan karkata hagu, babu shi a bango yanzu, yayarka ta wanke shi, daga takardar Baba sai labulen shago sai wannan da ke hannunka. Ka duba ƙasa ta hagu, za ka ga ƙaramin zagaye ya manne da babban filin. Ni na ɗauka tabon ƙwallo ne, har na tambayi Baba ko in bar shi a ɗinkin. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in tambayi wanda har ya shiga aji uku ba ya zama ko'ina sai a maƙale da gefen hagun uwarsa, yatsa a baki, kai a jikin bango, ita kuma kullum tana shafe masa kan da mai don yana yin amosani. Kanka ne, Auta. Wajenka take karkatar da nata. Yana nan a bangon, bai goge ba, Allah Ya taimake ni motar ta tsaya kafin in sunkuya.

Ka gaishe mini da amaryarmu, ka ce na gode da maganin gwiwar da ta aiko wa Goggo. Ka shafa mini kan takwarar Inna da Mai Kumatu, ka ce gwaggonsu tana ɗinka musu abin mamaki. Maigidana yana gaishe ka, yara suna gaishe da kawunsu, Goggo ta ce in gaya maka ta yi fushi, rabonka da kiranta tun watan jiya. Lambar mai fentin tana wayarka, kada ka bari Asabar ta matso. Baba ya san ina rubuta maka, ya ɗauka gaisuwa ce kawai. Na tambaye shi ko yana da saƙo, ya ce in ce maka idan ka samu hutu ka zo ka zauna a wurin ka jingina, yana so ya ga ko kan ya yi wa gurbinsa girma.

Wassalam. Taka har kullum,
Yayarka.